Ɗakin da Ake Karya Abu da Gangan

A kowace tsangayar koyon aikin injiniyan gine-gine akwai wani ɗaki da baƙo zai iya ɗauka wurin ɓarna ne. Ɗalibai za su kwaɓa kankare, su zuba shi a ƙaramin akwatin ƙarfe mai faɗin milimita 150 ta kowane gefe, washegari su ciro dunƙulen su nutsa shi cikin ruwa, su yi ta jiransa har kwana 28. Ranar da ya cika sai a ɗora shi a bakin na'ura a matse shi har ya tsage ya zube. Lambar da allurar ta nuna kafin ya fashe, ita ake nema tun farko. Wannan ɗaki bai kai shekara 160 da shiga jami'a ba, kuma yadda aka yi ya shiga labari ne mai daɗin bi.

A da, injiniya a wurin aiki yake koyon sana'a, kamar yadda yaron magini ke koyo a hannun maigidansa. Ana auna ƙarfin katako da dutse da ido da kuma abin da aka gada. Da jirgin ƙasa ya zo, aka shiga ƙera gadoji da ƙarfe, sai gadon ya kasa, domin ƙarfe kan yi kyau a ido alhali cikinsa da rami. Wani mutumin Sikotilan mai suna David Kirkaldy ya buɗe gidan gwaji a Landan a 1866, da wata gagarumar na'ura mai ja da matsa ƙarfe har ya katse. Lokacin da gadar kogin Tay ta rufta da jirgin fasinja a daren 28 ga Disamba 1879, wurinsa aka kai gutsattsarin ƙarafunan don a gano inda aka yi sake. Sai dai gidan Kirkaldy na kasuwa ne, biya ake yi a gwada maka. Wanda ya shigar da irin wannan aiki cikin makaranta shi ne Johann Bauschinger, a kwalejin fasaha ta Munik da ke Jamus, a farkon shekarun 1870. A 1878 Alexander Kennedy ya kafa nasa a kwalejin jami'a ta Landan, inda ɗalibi da kansa zai ɗaura sandar ƙarfe, ya ƙara mata nauyi, ya ga yadda take miƙewa kafin ta tsinke. Daga nan karatun injiniya ya tashi daga sauraro kawai, ya koma gani da taɓawa.

Bayan ƙarfe sai ruwa. A 1883 Osborne Reynolds, malami a kwalejin Owens ta Manchesta, ya saki ruwa cikin bututun gilashi, ya ɗiga masa rini ta wani siririn baki. Idan ruwan na tafiya a hankali, rinin yakan miƙe kamar zare. Da an ƙara buɗe famfo, zaren sai ya wargaje ya game ruwan duka. Da wannan ɗan gwaji ya raba gudun ruwa mai natsuwa da mai hargitsi, kuma har gobe da wuya ka shiga ɗakin gwajin ruwa ba ka tarar da jikan wannan bututu a jingine a kusurwa ba.

Amma abin da ya haifar da fannin da yau ake kira injiniyan muhalli, cuta ce. Garuruwan masaƙu da ke gaɓar kogin Merrimack a jihar Massachusetts ta Amurka, a kogi ɗaya suke zubar da ƙazantarsu, a cikinsa kuma suke sha. Abin da garin Lowell ya zubar, garin Lawrence da ke gangare ne zai ɗiba, sai zazzaɓin taifot ya riƙa bin ruwan gida-gida. A 1887 hukumar lafiya ta jihar ta kafa tashar gwaji a Lawrence, ta jingina da malaman makarantar fasaha ta MIT, irin su William Sedgwick masanin ƙwayoyin cuta, da Ellen Swallow Richards wadda ta yi ta auna samfurin ruwan jihar. A tashar aka jera manyan tankuna, wannan da yashi mai laushi, wancan da mai kaushi, wani da tsakuwa, ana tsiyaya musu ruwan kwata ana duba abin da ya fito ta ƙasa. Sai aka gane cewa yashi ba tacewa kaɗai yake yi ba, akwai ƙananan halittu da ke zaune a jikinsa suna cinye dattin. A 1893 garin Lawrence ya gina matatar yashi bisa wannan sani, mace-macen taifot suka ragu ƙwarai. Gilbert Fowler na Manchesta ya ziyarci tashar a 1912, ya koma gida da tunanin busa iska cikin ruwan kwata, kuma a 1914 abokan aikinsa biyu, Ardern da Lockett, suka bayyana dabarar da manyan biranen duniya ke tsarkake ruwan najasa da ita har yau. Ɗalibin da ke rufe kwalba ya ajiye ta kwana biyar cikin duhu don ya ga yawan iskar da dattin ya shanye, a kan wannan turba yake.

Kankare ma sai da aka zaunar da shi a ɗakin gwaji kafin a san halinsa. Duff Abrams, a cibiyar Lewis ta Chikago, ya kwaɓa ya fasa samfura masu ɗimbin yawa, kafin a 1918 ya fito da maganar da ya kamata kowane birkila ya haddace: ƙarfin kankare yana rataye ne da yawan ruwan da aka sa wa siminti. Leburan da ya ƙara bokiti ɗaya don kwaɓin ya yi saurin bin shebur, ya rage wa ginshiƙi ƙarfi ba tare da ya sani ba.

Ƙasa ce ta zo a ƙarshe, ko da yake a kanta komai ke tsaye. Har bayan yaƙin duniya na farko, ana iya lissafa ƙarfin ƙarfen gini dalla-dalla, amma abin da tushe zai yi cikin laka sai dai a yi hasashe. Karl Terzaghi, ɗan Ostiriya da yaƙi ya kai Istanbul, ya samu koyarwa a kwalejin Robert da ke can a lokacin da babu kuɗi babu kayan aiki. Da akwatunan taba da tarkacen ƙarafa da abin awo na aro ya harhaɗa na'urorinsa. Yakan ɗora wa ɗan curin laka nauyi, ya zauna yana rubuta yadda take lotsawa kwana da kwanaki. A haka ya gano cewa ruwan da ke maƙale cikin laka shi ne ke fara ɗaukar nauyin, sai ya tsiyaye sannu a hankali sannan ƙasar ta karɓa, shi ya sa gini kan yi shekaru yana nutsewa. Ya buga littafinsa a 1925, a shekarar kuma MIT ta ɗauke shi. Almajirinsa Arthur Casagrande ya daidaita gwaje-gwajen, har da ɗan kofin tagullar nan da ake cika da laka, a tsaga ta tsakiya, a riƙa buga shi ana ƙirgawa don a ga ko tsagar za ta haɗe a bugu na 25. Ɗan'uwan wannan gwaji ma ko na'ura ba ya buƙata: da tafin hannu ake murza laka a kan gilashi har ta zama zare mai kaurin milimita uku, a ga ko za ta kakkarye.

Daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce ɗakunan suka yi ta girma. A 1972 Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta fara aiki da wani dandamali da ake ɗora samfurin bene a kai a jijjiga shi kamar girgizar ƙasa. Kwamfuta ta zo ta karɓi lissafi, wasu har suka zaci ɗakin gwaji ya gama yayi. Ba haka ta kasance ba, domin kwamfuta abin da aka ba ta take sarrafawa, kuma ƙarfin ƙasa ko na kankare da za a ba ta, sai an fasa samfur ake samunsa.

A Arewacin Najeriya, koyar da injiniya ya faro ne a kwalejin fasaha ta Zariya cikin shekarun 1950, wadda ta narke cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Littattafan daga Turai suka zo, amma ƙasar tamu ce. Burjin da ake shimfiɗa hanya da shi, da baƙar lakar yankin tafkin Chadi da kwarin Binuwai, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani ta ɗaga kwalta ta farfasa bango, ba su cika bin abin da aka rubuta kan lakar Landan ba. Da ɗan gari akan ci gari, don haka injiniyoyinmu suka yi ta gwada gauraya wannan laka da siminti ko farar ƙasa, har da tokar ɓuntun shinkafa, don a lallashe ta. Sai kuma tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, na'urorin da aka sayo zamanin wadata suka tsufa, kayan gyara suka gagara. A 2012, kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa don duba buƙatun jami'o'i ya tarar da ɗakunan gwaji da dama cike da ɗalibai amma babu kayan aiki. Asusun TETFund ya gina sababbi ya kuma sayo na'urori, sai dai na'ura ba ta aiki sai da wuta, da ƙwararren ma'aikacin da ya san lagonta, da wanda zai riƙa daidaita ma'auninta lokaci-lokaci.

Kuɗi na da muhimmanci, babu musu. Amma Terzaghi da akwatin taba ya fara, Reynolds da bututu da rini, mutanen Lawrence da tanki da yashi. Abin da ya haɗa su shi ne ƙin yarda da takarda sai sun gwada, kuma wannan hali ne ɗakin ke dasa wa ɗalibi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban na'ura ya ga dunƙulen da ya kwaɓa da hannunsa ya fashe a rabin ƙarfin da ya yi zato, ba zai manta ba. Ran da ɗan kwangila ya ce masa, "Injiniya, sa hannu kawai, bulon nan garau yake," zai ce a ɗauko guda uku a kai ɗakin gwaji tukuna.