GWANJON YAƘI

'Yan uwana mata, dukkanmu mun san kayan gwanjo. Bature ya sa riga ya gaji da ita, a ɗauro dila a kawo mana kasuwa. To wallahi na daɗe ina tunanin cewa har makaman yaƙi ma gwanjonsu ake kawo mana, sai dai shi wannan gwanjon ba sutura yake yi ba, marayu yake bari.

Abin da ya jawo mini wannan tunani wata goggona ce da ta yi zaman aure a Cadi. Takan ba mu labarin tankokin yaƙi da suka yi tsatsa a arewacin ƙasar, rairayi ya binne su rabi. Da na bi diddigi sai na gano yawancinsu samfurin T-55 ne, wanda Tarayyar Sobiyet ta fara ƙerawa a 1958. Ita da yayarta T-54, babu wata tanka a duniya da aka ƙera da yawa kamarsu. Nauyinta ya kai tan 36, mutum huɗu ke shiga cikinta. Da manyan ƙasashe suka samu sababbi, sai suka yi ta tura waɗannan ga ƙasashe irin namu, wasu a bashi, wasu da sunan kyauta.

Gaddafi ya tara su jibgi guda, ya shiga da su Cadi saboda rigimar yankin Auzu. Amma fa a watan Janairu na 1987, a garin Fada, sojojin Cadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka far musu da motocin a-kori-kura ƙirar Toyota, ɗauke da makamai masu linzami na Faransa. Kafin tanka ta juya bakin igwarta, mota ta zagayo ta baya ta harbe ta. A watan Maris suka sake yin haka a Wadi Dum. Daga ƙarshe dai ba tanka ce ta raba gardamar ba. Kotun duniya ce a 1994 ta ce Auzu na Cadi ne.

Kar ku zaci an daddara. An yi yaƙi da irin tankar nan a Habasha, Sudan, Yaman da Siriya. Kai, a 2023 Rasha da kanta ta kakkaɓe musu ƙura daga ma'ajiya ta kai su Yukren.

Me ya sa ba ta mutuwa? Tana da araha, kayan gyaranta ko'ina akwai, bakanike kuma ba ya shan wahalarta. A gaban sabon makami akwatin gawa ce ga yaran da ke cikinta, amma a gaban ƙauyen da ba shi da komai, dodo ce.

Don haka duk ranar da kika ji a rediyo an ce wata ƙasa ta sayo tankoki, ki tambayi kanki: buhun gero nawa kenan, kuma ɗan wace za a saka ciki? Ita tankar ba ta da uwa, shi kuwa yana da ita. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.