Binciken Ma'aikata na Najeriya

Binciken Ma'aikata na Najeriya ƙididdiga ce da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS) ke yi gida-gida don auna aikin yi. A 2023 ta ɗauki ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya: wanda ya yi aikin neman kuɗi na sa'a 1 a mako yana da aiki. Da wannan sabon ma'auni, rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 na ƙarshen 2020 zuwa 4.1 a farkon 2023.

A garuruwa irin Tsaskiya ta ƙaramar hukumar Safana, ɗan acaba, mai tuyar ƙosai da ɗan ƙwadagon gona duk sun shiga lissafi, komai ƙanƙantar samunsu. Manomin da ke noma geron ci kawai ba ya ciki, giɓin da bai kamata a raina ba.