Olufunmilayo Olopade

Olufunmilayo Olopade likita ce kuma masaniyar cutar sankara, haifaffiyar Najeriya a shekarar 1957, wadda ke aiki a Jami'ar Chicago da ke Amurka. Ta kammala karatun likitanci a Jami'ar Ibadan a 1980, sannan ta tafi Chicago inda ta ƙware a cututtukan jini da sankara. A can ta yi aiki tare da Janet Rowley, wadda ta nuna yadda sauyin ƙwayoyin gado ke haddasa sankarar jini.

Bincikenta ya fi karkata ga sankarar mama da ake gada, musamman ta hanyar ƙwayoyin BRCA1 da BRCA2. Ita da abokan aikinta sun nuna cewa matan Afirka ta Yamma sukan kamu da cutar tun da sauran ƙuruciyarsu, kuma sau da yawa da nau'in da ba ya jin maganin toshe sinadaran jiki na mata. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin a da akan ba mata irin wannan magani ba tare da an gwada ƙarin ba.

Ta daɗe tana haɗin gwiwa da likitocin Ibadan, inda aka fara nazarin sankarar mama na Najeriya a 1998. Ta samu kyautar MacArthur a 2005, kuma a 2011 Shugaba Barack Obama ya naɗa ta cikin kwamitin ba da shawara kan sankara na ƙasar Amurka.