Mu Kai Ƴan Lakol Damagaram

Ya kai ɗan'uwa malami, ko mushe kake a lakol, ko kana koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci, gwada wannan. Tambayi almajiranka wane ne Tanimun. In aka samu biyar da suka ɗaga hannu, ka yi sa'a. Ga shi kuwa daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, tafiyar rabin yini cikin kar.

Shawarata ita ce kada ka bari darasi ya jira sai an isa birni. Hanyar kanta littafi ce. Bayan ka wuce Tasawa, za ka iske Maijirgi. Nan kusa ne tafiyar Vule da Shanuwan ta ƙare a watan Yuli na 1899. Waɗannan hafsoshin Faransa biyu sun taso daga yamma suna ƙone garuruwa. Sun yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, sun yi kisa mai yawa a Birnin Ƙonni. Daga ƙarshe sojojinsu ne suka harbe su. Tsai da mota, yara su sauka su sha ruwa, ka faɗa masu wannan a tsaye.

Tsayawa ta biyu Tirmini ce, dab da Damagaram. A ƙarshen Yuli 1899, sauran wannan runduna ta gamu da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga. Mahayan sarki sun fi yawa nesa, amma bindigogin Nasara sun fi nisan harbi da saurin ɗuri. Aka karya rundunar Damagaram, sarki ya fita daga birni, aka bi shi aka kashe a watan Satumba. Yaro mai wayo zai tambaye ka: mi ya kawo su? Amsar tana da baki biyu. A watan Mayu na 1898 an kashe Kapitan Kazamaju a Damagaram, suka ce ramuwa suka zo yi. Amma ko babu wannan, niyyarsu ta kai tafkin Cadi ce, kuma Damagaram tana bisa hanya. Faɗa masu duka biyun, ka bari su yi gardama cikin mota.

To, ga birni. Fara da unguwar Birni da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba. Sarautar nan wani malami ne ya kafa ta cikin ƙarni na 18, ta daɗe tana kai gaisuwa Barno. Sarki Sulaiman ne ya maido gidan sarauta nan a farkon ƙarni na 19. Ɗansa Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaukaka ta. Ya kewaye birni da ganuwa mai tsawo. Ya sa maƙera suka zuba masa igwa a nan gida, aka haɗa albarushi. Ayarin raƙuma na zuwa daga Tarabulus da Agadas, na wucewa Kano. Sai dai kada ka ɓoye ma yara cewa cikin hajjar da ake fitarwa har da bayi. Tarihin da aka wanke tas ba ya zama a kai.

Ganuwar nan mafi yawanta ta rushe, guntaye suka saura. Shi ya sa nake matsa maka ka tafi bana. Sa yara su auna kaurin abin da ya rage da taƙi, su zana adon bangon tsofaffin gidaje cikin kaye. Akwai wurin da Bajamushe Bart, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen 1852.

Zancen fada kuwa, aika takarda tun da sati biyu. Na taɓa kai almajirai wata fada ba sanarwa, muka yini gindin bango, ba mu ga kowa ba sai dogari. Laifina ne. Koya ma yara tuɓe takalmi da gaisuwa tun daga gida, kuma kowane ya riƙe tambaya guda da zai yi ma dattawan fada.

Da marece a leƙa Zango, unguwar fatake, inda attajiri Malam Yaro ya zauna. A nuna masu tsohon bariki bisa dutse daga nesa. Nan za ka gaya masu cewa Damagaram ce babban birnin ƙasar Nijar daga 1911 har 1926, sannan aka mai da shi Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan, saboda haka cika jarkoki kafin ka taso.

Sauran shiri ka san shi: izinin hukumar lakol, yardar uwaye, babba guda ga kowane yara goma, masauki a wata lakol ta can. Zaɓi lokacin ɗari, Disamba ko Janairu. Ka rage ɗan canji domin Kasuwar Dole, kowane yaro ya sai alkaki ya kai ma innarsa.