Asalin Kalma: Thursday

Yaran da ke haddace ranakun mako a ajin Turanci suna kiran sunan wani tsohon abin bauta ba su sani ba. Thursday na nufin ranar Thor, gwarzon tatsuniyoyin Sikandinebiya, mai guduma Mjolnir, wanda bunsuru biyu ke jan kekensa. Sunansa ma tsawa yake nufi. Rumawa abin bautarsu mai tsawa, Jupiter, suka ba wannan rana, sai ƙabilun arewacin Turai suka maye gurbinsa da nasu mai tsawar. Har gobe torsdag ake cewa a Suwidin.

Mutanen Aisland ne suka fi burge ni. Bayan zuwan Kiristanci suka ajiye Thor, suka koma ƙirge: fimmtudagur, rana ta biyar, daidai da ma'anar Alhamis ɗinmu a Larabci.