Daga Kotson Narambaɗa Zuwa Fiyano

A garin Tubali, cikin ƙasar Shinkafi ta yau, aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Mahaifiyarsa 'yar Badarawa ce, ta wajenta kuma ya gaji kotso. Ya rasu tun farkon shekarun 1960, amma har gobe in aka zauna zancen waƙar fada, waƙarsa Bakandamiya ake fara ambata. Can gefen Zurmi kuwa Kassu ne riƙe da kalangu, yana zuga 'yan tauri da maharba. A Maradun ga Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ga kuma Sa'idu Faru. In dai Hausa na da kiɗan da za a kira na manya, wanda ake koyo wajen magabata ana auna na baya da shi, to wannan yanki na Zamfara ne gidansa.

Kotso fata ɗaya gare shi, ɗaya bakin a buɗe yake. Da hannu ake bugunsa, makaɗi ya rataya shi ya matse tsarkiya, sautin ya hau ko ya sauka yadda maganar Hausa ke hawa da sauka. Shi ya sa ake cewa kotso na magana. Ga kuma sha'anin amshi. Narambaɗa kan ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, yaransa su cafe su ƙarasa, shi kuma ya riga ya shiga wani. In sarki ya motsa ko wani babban baƙo ya shigo zaure, nan take waƙar ta karkata, kiɗan ya bi ta. Babu takardar da aka rubuta wannan a ciki. A hannu yake, da kunne, da shekarun da yaro ya yi yana bin ubangidansa.

Turawa ne suka fara gwada zuba kiɗan magabatansu cikin na'urar lantarki. A 1968 Wendy Carlos ta fitar da faifan Switched-On Bach a Amurka, inda ta kaɗa ayyukan Bach, Bajamushen da ya rasu a 1750, da na'urar haɗa sauti mai suna Moog. Na'urar lokacin sauti ɗaya take fitarwa a bugu ɗaya, don haka sai an ɗauki kowane layi daban a tef sannan a jera su bisa juna. Wahalar ta biya, faifan ya ci kyautar Grammy uku. A 1974 Isao Tomita na Japan ya yi wa kiɗan wani Baturen, Debussy, irin wannan aiki a faifan Snowflakes Are Dancing. Hannun mutanen biyu ya bambanta ƙwarai. Carlos ta bi rubutun Bach sau da ƙafa, murya kawai ta sauya masa. Tomita ya ɗauki na Debussy ya yi masa ado da amo iri-iri, har da mai kama da fito da mai kama da muryar mutane. Amma dukkansu suna da abin da namu ba su da shi: rubutaccen kiɗa a gabansu, wanda ba ya gardama.

Kusa da mu, cikin waɗanda suka fara shiga wannan fage akwai ɗan Nijar, Mamman Sani Abdoulaye. Ta hanyar aikin UNESCO ya samu fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, a 1978 kuma ya ɗauki kaset a Yamai. Karin waƙoƙin gargajiya na Fulani da Buzaye ya sa a ciki, kusan duk kiɗa zalla. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, mutane na ji ba su san mai shi ba, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin duniya ta ji.

Kano ta bi wata hanya dabam. Bayan fim ɗin Turmin Danya a 1990, sana'ar fim ta buɗe, fiyanon Casio da Yamaha suka shiga situdiyo, fim ɗin Sangaya na 1999 kuma ya sa kowa ya koma ga wannan kiɗa. Daga waƙar soyayya fiyano ya ratsa cikin bege, ya shiga siyasa, ya kai har ƙofar fada. Dalilin a fili yake. Makaɗin kotso sai da jama'a, masu kiɗa da 'yan amshi da sanƙira, kuma sarki ne ke ɗauke da su da hatsi da riguna da dawaki. Mai fiyano shi kaɗai ne a ɗaki. Ya zaɓi gudun kiɗa, ya sa shi ya riƙa maimaita kansa, ya ɗora kalangu da algaita na cikin na'ura, a ɗauki amshi sau ɗaya a riƙa liƙa shi bayan kowane baiti. Kafin gari ya waye waƙa ta shiga waya. Alherin da ke ciki, kada a manta, shi ne yaron da bai gaji kiɗa ba ya samu ƙofa.

Cikin masu yi wa sarauta waƙa da fiyano, biyu sun isa misali. Aminu Ala daga rubutacciyar waƙa ya fito, baitocinsa a aune suke da amsa-amo, saboda haka daidaitaccen bugun na'ura bai cuce shi ba, gidansa ya tarar. Naziru M. Ahmad, wanda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Sarkin Waƙa a 2018, shi ya fi kusantar ɗakin su Ɗanƙwairo, da kaurin murya da zuga da habaici. A wajensa ne kuma kunne ya fi jin giɓin. Muryar tana son ta ja, ta tsaya, ta yi wa kiɗa ba-zata, kiɗan kuwa yana tafiyarsa kamar injin niƙa, bai san an yi habaici ba balle ya amsa.

A ganina Mamman Sani ya fi kowa fahimtar na'urar, don bai nemi ta zama kalangu ba, ya bar ta da muryarta. Situdiyoyinmu sun riƙe baitin sun sallami makaɗi, alhali a waƙar fada rabin zancen a hannun makaɗin yake.

Ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, mai tura waƙa a waya zai zuba maka Narambaɗa da na fiyano a kati ɗaya, tsohon ɗauka mai shashshaka kusa da sabo mai sheƙi. Rashin tsaro ya rage bukukuwa da tarukan da makaɗan gargajiya ke ci da su a wannan yanki, masu iya kotso kuma tsufa suke yi. Masu situdiyo a Gusau da Kano, ku nemo su tun suna raye, ku zaunar da su gaban makirufo tare da 'yan amshinsu, a biya su haƙƙinsu, a ɗauki kotson da hannu ya buga.