Ƙoto a Bakin Ƙugiya: Tarihin Su a Kududdufan Birnin Kano

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ce za a ba da tarihin Kano, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci da marina. Ba kasafai akan tuna da ruwan da ke cikin birnin ba, balle kifin da ke cikin ruwan, balle kuma ɗan abin nan da ake maƙalawa a bakin ƙugiya domin a yaudari kifin, wato ƙoto. Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata tambaya da wani ɗalibi ya yi mana a aji. Ya ci karo da hoton wani kifi mai manyan ɓawo a littafin aikin gona, wanda Turawa ke kira kaf, sai ya ce shin wane irin ƙoto ake sa masa. Mu da muka tashi a Ƙofar Wambai, muka ƙare ƙuruciyarmu a bakin kududdufi da fatsa a hannu, sai ga shi mun yi shiru. Da muka bi diddigin amsar, sai muka tarar ashe tarihin ruwan garinmu ne gaba ɗaya ke rataye a bakin wannan ƙugiya.

Ruwan Cikin Birni

Kano ba ta zauna a bakin babban kogi ba, amma ba ta taɓa rasa ruwa a cikin ganuwarta ba. Na farko akwai Jakara, wadda littafin Tarihin Kano ya ambata tun zamanin Barbushe a matsayin kurmi mai baƙin ruwa da mutanen Dala ke girmamawa. A gefenta ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Daga nan ruwan kan ratsa unguwanni ya fice daga ganuwa ta wajen gabas, ba nisa da Ƙofar Wambai, ya nufi Fagge. Baturen nan Kilafaton da ya zo Kano a 1824 ya bayyana fadamar da ta kusa raba birnin gida biyu, haka kuma Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya gan ta a 1851.

Na biyu su ne kududdufai. Waɗannan hannun mutum ne ya samar da su, domin kuwa tun da Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, duk ƙasar da aka yi tubali da ita, ta ganuwa ko ta soro ko ta zaure, daga wani rami aka haƙo ta. Da damina ta sauka sai ramukan su cika, ambaliya ta haɗa su da Jakara, kifi ya shiga ya hayayyafa. Ke nan kowane tsohon gida a birni yana da raminsa a wani wuri, kuma a irin waɗannan ramuka ne 'ya'yan birni suka koyi su.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, su a cikin birni bai taɓa zama babbar sana'a kamar ta Sarkawan Kabi ko masuntan Wudil ba. Su waɗannan da koma da birgi da taru suke aiki. Ko a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, koma da gora ake shiga ruwa da su, babu ruwan kowa da ƙoto. Fatsa kuwa makamin mai ƙaramin ƙarfi ce, ta yara da almajirai da dattijon da ke neman na miya. Wanda ba shi da ƙarfin da zai kewaye kifi, dole ya san abin da kifin ke so.

Kowane Kifi da Ƙotonsa

A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da muka fara wayo, kayan aikinmu ba su wuce sandar kara ko reshen darbejiya ba, da zaren lilo da mukan samo wajen 'yan zare a kasuwar unguwarmu, da ƙugiya, ko allurar da aka gasa aka lanƙwasa. Guntun kara ko na tsohon silifa shi ne mai shaida mana an taɓa. Amma duk wannan wasa ne in ba a dace da ƙoto ba, kuma iliminsa daga yayye muka gada, su ma daga nasu yayyen.

Tarwaɗa ita ce sarauniyar kududdufi. Da dare ta fi kiwo, kuma da gashin bakinta take laluben abinci a cikin ruwan da ido ba ya aiki. Saboda haka ƙotonta sai mai wari ko mai motsi, kamar tana, da hanjin kaza, da ɗan kwaɗo, da abin da mukan roƙo wajen mahauta. Har guntun sabulu akan sa mata ta haɗiye. Karfasa kuwa da rana take yawo, bakinta ƙarami, kuma rabin abincinta gansakuka ne. Ita sai 'yar ƙaramar ƙugiya da guntun tana, ko ɗan curin tuwo da aka murza da zaren auduga don kada ya narke tun kafin ta iso. In ruwan farko ya sauka, shinge ya fito, to a 'yan kwanakin nan babu ƙoton da ya kama ƙafarsa, domin shi kifin ke jira a saman ruwa. Gaiwa kuma ba a cika wahalar da kai a kanta da fatsa ba, tun da in ruwa ya janye takan shige cikin laka ta kwanta, sai a bi ta da fartanya.

Mai karatu zai lura cewa babu ko ɗaya cikin waɗannan da ake saye da kuɗi. Ƙoton ɗan birni ragowar abincin gidansu ne da abin da ƙasar unguwarsu ta bayar. Haka kuma zaɓensa yana bukatar yaro ya san lokaci, ya san zurfin ruwa, ya san halin abin da yake nema. Idan aka sa wa karfasa hanjin kaza, sai a wuni ana kallon kara a tsaye.

Baƙo Daga Turai

To, ina matsayin kaf a cikin wannan lissafi? Shi dai baƙo ne a ƙasar Hausa, shi ya sa ma ba shi da sunan gargajiya. Asalinsa ruwayen Asiya ne da na gabashin Turai, irin su kogin Danub. Mutanen Sin sun fi shekara 2,000 suna kiwonsa, kuma har gobe shi ne abincin daren Kirsimeti a ƙasashe irin su Folan da Cek. A Nijeriya, gwamnatin mulkin mallaka ta fara gina gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato a 1951, aka kuma kawo mata kaf daga ƙasar Ostiriya a 1954. Daga can ne aka riƙa ba da irinsa ga wasu gonakin kifi.

Halinsa ne ke nuna ƙotonsa. A ƙasan ruwa yake kiwo, yana zuƙar laka ya tace abin ci ya furzar da saura. Ba shi da haƙora a baki, a maƙogwaro suke, da su yake niƙa ƙwayar hatsi da dodon koɗi. Don haka masu kama shi sukan sa masa dafaffiyar masara, ko curin burodi, ko ƙullin gari, ko tana, kuma lalle ƙoton ya kwanta a ƙasa. Kifi ne mai tsananin zargi, da ya ji ƙarfe ko nauyin zare sai ya tofar. Wannan ya sa akan yi kwanaki ana watsa masa abinci a wuri guda har ya saki jiki, sannan a saka ƙugiya. In ruwa ya yi sanyi ƙwarai kuma cinsa kan ragu, sai a rage yawan abin da ake zuba masa. A Ingila, wani mai suna Richard Walker ya kama kaf mai nauyin kusan kilo 20 a 1952 da burodi kawai. Daga baya masu fatsar can suka ƙirƙiro curin gari da ƙwai da ake tafasawa ya yi tauri, don kada ƙananan kifaye su gutsure shi. Wannan dabara ba ta da nisa da tamu ta tuwo da auduga, matsala ɗaya ce kowa ya nemo mata magani da abin da ke ɗakin girkinsu.

Yana da ɗan'uwa a ruwayenmu, wato dummi, fari da baƙi, waɗanda zuriyarsu ɗaya da shi. Bakin dummi a ƙasa yake, da leɓɓa masu kauri da yake kankarar gansakuka da su, shi ya sa ya fi faɗawa raga a kan ƙugiya. Shi kuwa kaf bai samu karɓuwa a tukunyar Bakano ba. Ƙananan ƙayoyi sun yi yawa a cikin tsokarsa, ga shi kuma tarwaɗa ta fi shi jure wahala, tun da tana shaƙar iska, tana iya isa kasuwa da ranta.

Yadda Ruwa Ya Sauya

Daga shekarun 1970 al'amarin kifi a Kano ya tashi daga kududdufi ya koma madatsun ruwa. Gwamnatin Audu Bako ta gina na Bagauda da na Tiga, wanda aka kammala a 1974, sannan aka tare ita kanta Jakara a Wasai a 1976. Masunta suka taho daga wurare masu nisa da kayan aikinsu. Daga baya gurar Mali ta bazu a Arewa, ita ma da dusa ake yi mata ƙoto, sai dai a nan ba a zaɓen kifi, duk wanda ya shiga ya shiga ke nan, babba da ƙarami.

A cikin birni kuwa ruwan ne ya fara mutuwa. Jama'a ta ƙaru, kwatamin gidaje ya ƙaru, leda ta zo ta toshe magudanai, a can gaba kuma dattin masana'antun Bompai ya bi ta rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Siminti ya maye gurbin tubali, saboda haka aka daina haƙa sabon rami, tsofaffin kuma aka riƙa cike su da shara ana yanka filaye. A 2013 aka fara aikin rufe Jakara da shimfiɗa titi a kanta. Kifin da ɗan birni ya fi sani yanzu shi ne na kankara da tarwaɗar da ake kiwo a tankin siminti ko na roba, wadda abincinta a buhu yake zuwa daga kamfani.

Ba za mu ɓoye ba, kududdufi yana da nasa sharrin. Ya ba da sauro, da yawa daga cikinmu sun yi fitsarin jini saboda tsargiya, kuma kusan kowace unguwa tana da labarin yaron da ruwa ya ci. Iyayen da suka riƙa zane mu a kan zuwa bakinsa suna da hujja. Amma shi ne kuma ke shanye ruwan sama, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa. Inda aka cike masa mazauni, sai ya nemi zaure da tsakar gida, kamar yadda mazauna unguwanninmu ke gani duk watan Agusta.

Kammalawa

Amsar da muka mayar wa ɗalibin nan ita ce, a ba kaf masara ko burodi a ƙasan ruwa, a kuma yi haƙuri. Amma da muka tambayi ajin ko wa ya taɓa haƙo tana da hannunsa, yara uku ne kacal suka ɗaga hannu, kuma dukkansu a ƙauye suka yi. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a bakin dattawa yake, su kuwa kullum raguwa suke yi. Muna kira ga 'yan'uwa marubuta da malaman makaranta da su zauna da waɗannan dattawa, su rubuta sunayen kududdufan unguwanninsu, da irin kifin da ke ciki, da ƙoton da ake sa wa kowanne, da kuma shekarar da aka cike su. Waɗanda suka rage kuma a nemi hukuma ta killace su ta tsabtace, kafin a yanka su filaye. Allah Ya sa mu dace, amin.